Wuta, Zafi da Sauyin Sinadarai: Abin da Ke Faruwa a Murhu, a Garka da Wurin Ajiya

A ƙasar Imanan, wadda Bonkuku ke zaman babban garinta, cikin gundumar Filinge ta jahar Tilaberi, akwai ayyuka huɗu da kusan kowane gida ya sani. Ana dafa abinci da itace. Ana tara taki domin garka. Ana ajiye dankalin turawa bayan an haƙe shi. Ana kuma jin ɗumi da gawayi idan ɗari ya sauka. Haka abin yake a ƙasar Kurfai da garuruwan da ke cikin kwarin Dallol Boso.

A ido, waɗannan ayyuka ba su da dangantaka da juna. Amma ilimin kimiyya ya nuna cewa ƙa'ida guda ce ke tafiyar da su duka. Duk lokacin da wani abu ya rikiɗa ya zama wani abu dabam, to ko dai ya fitar da zafi, ko kuwa ya sha zafi. Wanda ya fahimci wannan ƙa'ida zai iya rage itacen da yake ƙonawa, ya kare amfanin gonarsa daga ruɓewa, ya kuma tsare iyalinsa daga wani haɗari da ke kashe mutane cikin barci. Wannan darasi zai bayyana ta daki-daki.

Mene ne sauyin sinadarai?

Canje-canjen da muke gani a kullum iri biyu ne. Akwai canjin da ba ya taɓa ainihin abu. Idan aka tafasa ruwa ya zama tururi, tururin nan ruwa ne har yanzu. Da ya taɓa murfin tukunya sai ya koma ɗigo. Idan aka daka gero ya zama gari, garin nan gero ne.

Akwai kuma canjin da ke mai da abu wani abu sabo. Itacen da ya ƙone ya zama toka da hayaƙi, ba mai iya mai da shi itace. Ƙarfen da ya yi tsatsa, madarar da ta yi tsami, kashin shanu da ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa, dukansu sun bar asalinsu. Irin wannan canji shi ake kira sauyin sinadarai.

Masana sun gano cewa kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ana kiransu ƙwayoyin zarra. Waɗannan ƙwayoyi a ɗaure suke da juna, rukuni-rukuni. A lokacin sauyin sinadarai ba ƙwayar da ke ɓacewa, ba kuma wadda ke ƙaruwa. Tsofaffin ɗaure-ɗaure ne ke kwancewa, ƙwayoyin su sake ɗauruwa ta wata siga. Ya yi kama da magini da ya rushe tsohon ɗaki, ya ɗauki tubalan ya gina katanga. Tubalan su ne dai na da, ginin ne ya sake.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kwance tsohon ɗauri yana cin ƙarfi. Ƙulla sabon ɗauri kuwa yana sakin ƙarfi. Wannan ƙarfi shi ake kira makamashi, zafi kuma ɗaya ne daga cikin sigoginsa, kamar yadda haske da motsi suke.

Manomin dankali zai gane wannan da sauƙi. A farkon noman rani yana zuba jari: kuɗin iri, da na taki, da na ban ruwa. Bayan wata uku ya haƙe ya sayar. Idan abin da ya shigo ya fi jarin, akwai riba. Idan bai kai ba, dole a cike giɓin daga wani wuri. Haka sauyin sinadarai yake. Kwance ɗauri shi ne jari, ƙulla sabo shi ne ciniki. Idan cinikin ya fi jarin, rarar tana fita a matsayin zafi. Wannan shi ne sauyi mai fitar da zafi. Idan jarin ya fi cinikin, sauyin ba zai ci gaba ba sai ana ba shi zafi daga waje. Wannan shi ne sauyi mai shan zafi.

A nan akwai doka babba da ya kamata mu riƙe: makamashi ba ya samuwa daga babu, ba ya kuma ɓacewa. Wuri yake sakewa, ko ya sake siga.

To, zafin da ke cikin itace, wa ya zuba shi? Rana ce. Koren ganye yana ɗaukar ruwa daga ƙasa, da wata iska da ake kira kabon dayoksaid daga sarari, ya yi amfani da hasken rana ya haɗa su su zama sukari. Daga wannan sukari itaciya ke gina reshe da saiwa da ƴaƴa, tana kuma sakin iskar oksijin, wadda muke shaƙa. Wannan sauyi ne mai shan makamashi. Gawon da ke tsaye a gona ya yi shekaru yana tara hasken rana. Ranar da aka sa reshensa a murhu, sai aikin ya juya baya: itace ya haɗu da oksijin, ya koma ruwa da kabon dayoksaid, makamashin da aka tara ya fito.

Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Labuwaziye shi ne ya tabbatar, a cikin shekarun 1770, cewa ƙonewa haɗuwa ce da oksijin. A farkon shekarun 1780, shi da abokin aikinsa Laplas suka sa wata ƴar dabba cikin akwati da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar. Suka gane cewa numfashi ma wani irin ƙonewa ne, mai tafiya sannu a hankali ba tare da harshen wuta ba. Tuwon da muka ci yana haɗuwa da oksijin cikin jikinmu, shi ya sa jikin mai lafiya ke zama da zafin digiri 37 ko da ana ɗari.

Me ya sa itace ba ya kamawa da kansa?

Tarin itace yana iya shekara a tsakar gida, iska tana kewaye da shi, bai kama wuta ba. Dalili shi ne ko sauyin da zai ba da riba sai an fara zuba masa jari. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ashana, wadda wasu ke kira alimeti, ita ce ruwan cikin. Ɗan zafinta yana kwance ɗaure-ɗauren farko. Waɗannan su saki zafin da zai kwance na kusa da su, haka abin zai yi ta bi har itacen ya ƙare. Busasshen itace yana kamawa ne idan zafinsa ya kai wajen digiri 300.

Ke nan wuta tana bukatar abubuwa uku, kamar yadda tukunya ke bukatar duwatsun murhu uku: abin ƙonawa, da iska, da zafin farko. Idan aka janye ɗaya, wuta ta mutu. Ruwa yana janye zafi. Rairayi ko murfi yana toshe iska. Hanyar da ake sharewa a daji domin tare gobara tana janye abin ƙonawa, wato busasshiyar ciyawa.

Akwai kuma abubuwan da ke sa sauyi ya yi sauri. Na farko shi ne yawan iska. Kashi 21 cikin 100 ne kawai na iskar da ke kewaye da mu oksijin. Shi ya sa maƙeri ke aiki da zuga-zugi: yana tura iska mai yawa cikin gawayi, wutar ta yi ƙarfi har ƙarfe ya yi ja ya yi laushi. Na biyu shi ne ƙanƙantar abin ƙonawa. Faskararren itace ya fi gungume saurin ci, domin iska tana taɓa shi ta fuskoki da yawa. Na uku shi ne zafin kansa. Yawancin sauye-sauye irin na abinci da tsirrai, saurinsu yana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Wannan ne ya sa nonon da ke kwana lafiya a watan Janairu yake tsami kafin azahar a watan Afrilu.

Darasi na farko: murhu

A murhu mai duwatsu uku, abin da ke shiga tukunya daga zafin itace bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran yana bin iska, ko ya shiga ƙasa, ko ya tashi cikin hayaƙi. Hayaƙin nan kuwa itace ne da bai gama ƙonewa ba. Matar da ke girki cikin hayaƙi mai yawa tana asara biyu: itacen da ta sha wahalar nemowa yana tafiya a banza, yana kuma shiga idonta da ƙirjinta da na yaron da take goye da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya.

Ga abubuwan da ƙa'idar ta koya mana:

A yi girki da busasshen itace. Ɗanyen itace yana iya zama rabinsa ruwa ne. Kafin ya ci da kyau sai wuta ta fara ƙafar da wannan ruwa, ƙafar da ruwa kuwa yana shan zafi mai yawa. Mai da lita guda ta ruwa tururi yana cin zafi fiye da sau biyar na wanda ya kai ta ga tafasa.

A rufe tukunya. Tururin da ke tashi daga buɗaɗɗiyar tukunya yana tafiya da zafin da aka saya da itace.

A rage wuta idan tukunya ta tafasa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma ba ya wuce nan komai ƙarfin wutar. Ƙarin itace bayan tafasa ba ya ƙara wa wake saurin nuna. Ruwan kawai yake ƙonarwa.

A kare murhu daga iska mai kaɗawa, amma a bar masa ƙofar shan iska ta ƙasa. Kada a cusa itace har ya toshe bakin murhu. Itace biyu ko uku da ke samun iska sun fi guda shida da ke cunkushe.

A jiƙa wake tun da dare. Ɗan ƙanƙanin kanwa ma yana sa shi saurin laushi, domin kanwa tana kwance abin da ke riƙe da ƙwayar waken. Sai dai yawanta yana lalata wasu sinadarai masu amfani da ke cikin abinci, don haka a taƙaita.

Murhun zamani, kamar Mai Sauƙi na ƙarfe da aka fara yaɗawa a Nijar tun shekarun 1980, ko kuwa murhun laka da ake ginawa a gida, a kan wannan ƙa'ida aka tsara shi. Bangonsa yana tare iska, yana tilasta wa harshen wuta ya lashi gindin tukunya da gefenta kafin ya fita. Amma sai tukunyar ta dace da girman murhun; idan tazarar da ke tsakaninsu ta yi faɗi, zafin zai sulale.

Abubuwan ƙonawa ba su da ƙarfi ɗaya. Kilo guda na gawayi yana ba da kusan ninki biyu na zafin kilo guda na busasshen itace. Kilo guda na iskar gaz, irin wadda matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ke fitarwa tun buɗe ta a shekarar 2011, yana ba da kusan ninki uku. Sai dai mu lura da lissafin gawayi. Idan an yi shi ta hanyar gargajiya, ana ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a samu gawayi kilo guda. Fiye da rabin makamashin itacen ya riga ya tashi a daji tun gawayin bai iso kasuwa ba.

Darasi na biyu: haɗarin gawayi a rufaffen ɗaki

Idan gawayi ya samu isasshiyar iska, yana ƙonewa sarai ya ba da kabon dayoksaid. Idan iskar ta yi ƙaranci, sauyin yana tsayawa a rabin hanya, ya ba da wata iska dabam mai suna kabon monoksaid. Sunayen sun yi kama, amma ta biyun guba ce mai kisa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Garwashin da ya yi ja, babu ko alamar hayaƙi, yana iya fitar da ita.

Jinin ɗan Adam yana da wani sinadari da ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai shi ko'ina cikin jiki. Kabon monoksaid tana manne wa wannan sinadari da ƙarfin da ya fi na oksijin sau 200 da ɗoriya. Idan ta shiga, sai ta tare wurin, jiki ya rasa oksijin alhali mutum yana numfashi.

A watannin Disamba da Janairu, lokacin da ɗari ke tsananta, mutane kan shigar da kaskon wuta ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su toshe kafofi da tsumma, su kwanta. Wannan shi ne yanayin da gubar ke taruwa. Alamominta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da barci mai nauyi. Idan mutane biyu ko uku da ke ɗaki ɗaya suka ji haka lokaci guda, a zargi iskar ɗakin. Jarirai da mata masu ciki da tsofaffi su ne suka fi saurin galabaita.

Saboda haka, kada a kwana da garwashi a cikin ɗaki. A ɗuma ɗakin da ƙofa a buɗe, sa'an nan a fitar da kaskon kafin a kwanta. Haka kuma kada a ta da injin ba da wuta, ko injin ban ruwa, ko babur, a cikin ɗaki ko shago rufaffe. Idan aka tarar da wani ya galabaita, a buɗe ƙofa, a fitar da shi fili nan take, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo. Nono ko man ja ba sa fitar da wannan guba; iska mai tsabta da oksijin na asibiti ne maganinta.

Man fetur ma yana da nasa haɗarin. Tururinsa ne ke kamawa, kuma yana malala a ƙasa ya kai nesa da jarkar da ya fito. Ƙyastu guda ya ishe shi jarin farko. A watan Mayu na 2019, wata motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, jama'a suka taru suna ɗibar man da ke zuba, wuta ta tashi, mutum fiye da 50 suka rasu. Kada a zuba wa injin ban ruwa mai yana aiki ko yana da zafi. Wutar fetur, ko ta man girki da ya kama a kasko, ba a kashe ta da ruwa, domin man yana tasowa saman ruwa ya bazu. Da rairayi ake kashe ta, ko a kife ta da murfi.

Darasi na uku: ramin taki

Wanda ya taɓa tura hannu cikin tarin taki ya san yana da zafi, ko da a inuwa yake. Cikin tarin akwai ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani. Suna cin kara da ganye da kashin dabbobi, suna haɗa su da oksijin kamar yadda jikinmu ke yi da tuwo, suna fitar da zafi. Tarin da aka haɗa da kyau, tsakiyarsa yana kai digiri 55 zuwa 65. Wannan zafi alheri ne, domin yana kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta.

Waɗannan halittu suna bukatar abinci, da danshi, da iska. A jera busasshen kara da aka daddatse, da kashin dabbobi, da ɗanyen ganye, hawa-hawa, ana yayyafa ruwa. Daga nan a soka dogon sanda har tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu a zaro shi a taɓa. Idan yana da zafi da danshi, aiki yana tafiya. Idan yana da sanyi kuma a bushe, a ƙara ruwa da kashin dabbobi. Idan yana da ruwa sharkaf yana wari, ruwa ya toshe iska. A juya tarin, a ƙara busasshen kara. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zafin zai sauka, takin ya yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa. Lokacin ne ya nuna.

Takin da bai nuna ba, idan aka zuba shi a gindin shuka, yana ci gaba da ruɓewa a can, yana iya ƙona ƙananan saiwoyi. Haka kuma harawar da aka tara da sauran danshi tana yin zafi daga ciki, ta yi fumfuna ta lalace. Babban tari ma yana iya kamawa da wuta da kansa. A bari ta bushe sosai kafin a ɗora ta a kan rumfa.

Darasi na huɗu: dankali bayan girbi

Imanan ta yi suna da dankalin turawa. Ruwa yana kusa a cikin kwarin Dallol Boso, sanyin hunturu kuma ya dace da wannan shuka, shi ya sa ake loda shi zuwa kasuwannin Yamai. Matsalar da manoma suka sani ita ce girbi yana zuwa lokaci guda, farashi ya faɗi, ga kuma bazara tana tafe da zafin da ke wuce digiri 40. Wanda ya ce zai jira farashi ya tashi yana iya tarar da rabin kayansa ya ruɓe.

Abin da za mu fahimta shi ne dankalin da aka haƙe yana da rai. Yana numfashi. Yana ƙona abincin da ke cikinsa sannu a hankali, yana fitar da ruwa da zafi. Idan aka tara shi da yawa wuri guda, zafin ba ya samun hanyar fita. Mun ga cewa zafi yana ƙara wa sauyi sauri. Saboda haka dankalin zai ƙara numfashi, ya ƙara fitar da zafi, ya yi gumi, ƙwayoyin ruɓa su samu wurin zama. Tarin dankali sai ya fara zama tarin taki. Abin da muke nema a ramin taki shi ne ainihin abin da muke gudu a wurin ajiya.

Ga matakan da ke rage asara. A daina ban ruwa kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin haƙa, domin fatar dankalin ta yi ƙwari. A haƙe da sanyin safiya, kada a bar shi a rana. A ware wanda fartanya ta sara da wanda ya ƙuje a sayar da su da wuri, domin mai rauni ya fi numfashi kuma ta raunin cuta ke shiga. A shimfiɗa sauran a inuwa, a wuri mai shan iska, ba tare da an yi tari mai tsawo ba. A guji buhun leda; buhun raga ko na algarara ya fi, kuma a bar tazara tsakanin buhuna da bango. A buɗe wurin ajiya da dare iska mai sanyi ta shiga, a rufe da rana. A kare shi daga haske, domin haske yana sa shi ya yi kore, koren kuwa yana da ɗaci da guba. A riƙa dubawa kowane mako ana cire wanda ya fara lalacewa.

Waɗannan matakai ba za su hana numfashin ba, rage masa sauri suke yi. Ɗakin sanyi na zamani ma aikinsa ke nan. Ko makonni kaɗan da aka ƙara wa dankali suna iya zama bambanci tsakanin sayarwa a kan tilas da sayarwa da daraja.

Sauye-sauye masu shan zafi

Ga wani gwaji mai sauƙi da za a iya yi a ajin yaƙi da jahilci. A samu tsohon gwangwani wanda ba a ci ko sha da shi, a zuba ruwa rabi, a zuba takin yuriya cikin tafin hannu guda, a motsa da tsinke. A taɓa gwangwanin. Za a ji ya yi sanyi. Yuriya tana bukatar makamashi kafin ƙwayoyinta su rabu su narke, sai ta janye shi daga ruwan da gwangwanin da hannun mai taɓawa. Bayan gwajin a sirka ruwan da ruwa mai yawa a zuba a garka, a wanke hannu.

Siminti yana nuna mana fuskokin ƙa'idar guda biyu. A masana'antar siminti ta Malbaza, cikin jahar Tawa, ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu. Dutsen ba ya sakin iskar da ke ɗaure cikinsa sai zafi ya kai wajen digiri 900, haɗin kuma ba ya kammala sai a wajen digiri 1450. Wannan sauyi ne mai shan zafi, makamashin da yake ci kuwa yana cikin dalilan tsadar siminti. Ranar da magini ya kwaɓa shi da ruwa, sai wani sauyi ya fara, mai fitar da zafi. Shi ya sa sabon kankare ke ɗumi.

Mutane da yawa suna zaton siminti bushewa yake yi. A gaskiya haɗuwa yake yi da ruwa, ruwan ya zama wani ɓangare na dutsen. Idan rana da iskar hunturu suka ƙafar da ruwan da wuri, sauyin zai tsaya, ginin ya yi rauni ya tsattsage. Don haka mai buga bulo, ko mai zuba zoben rijiya a garka, ya rufe aikinsa da buhu ko kara, ya riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai aƙalla.

Abin da za mu riƙe

Zafi yana fita ko yana shiga duk lokacin da abu ya rikiɗa. Iska da danshi da zafi su ne linzamin sauyin, kuma suna hannunmu. A murhu muna ba wuta busasshen itace da iska, mu tattara zafinta a gindin tukunya. A ramin taki muna riƙe zafi da danshi. A wurin ajiyar dankali muna korar zafi. A ɗakin kwana kuwa ba ma barin garwashi ya kwana tare da mu.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Kawo misali biyu na sauyin sinadarai daga aikinka na yau da kullum.
2. Me ya sa ƙarin itace bayan tukunya ta tafasa ba ya ƙara saurin dahuwa?
3. Waɗanne alamu ne ke nuna gubar gawayi ta taru a ɗaki, kuma me za a fara yi?
4. An zaro sanda daga tarin taki aka ji shi da sanyi. Me ya kamata a yi?
5. A auna itacen da gidanku ke ƙonawa cikin kwana bakwai. A mako na biyu a yi girki da busasshen itace, da murfi a kan tukunya, da kariya daga iska, a sake aunawa. A rubuta lissafin biyu a kawo aji.